Zawarcin Formula 1 a Afirka: me A1GP da Paris-Dakar suka bar mana?

A watan Yulin 2025 kafofin watsa labarai suka ruwaito cewa Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da ke neman karɓar baƙuncin tseren motoci na Formula 1. Tsarin da aka gabatar shi ne a gina filin tsere a Abuja, tare da otal da cibiyar fasaha, a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 500, wato wajen miliyar 280 na sefa. Hukumar wasanni ta ƙasar, wadda Shehu Dikko ke shugabanta, ta nuna tana bayan shirin.

Najeriya ta tarar da wasu a layi. Shugaba Paul Kagame na Ruwanda ya bayyana tasa buƙatar ranar 13 ga Disamban 2024, lokacin da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta yi babban taronta a Kigali, kuma aka ce za a gina filin kusa da sabon filin jirgin sama na Bugesera. Afirka ta Kudu na so ta gyara tsohon filinta na Kyalami da ke gefen Johannesburg. Ana ambaton Maroko ita ma. Hujjarsu duka ɗaya ce: gasar da ke kiran kanta ta duniya tana yin tsere 24 a shekara, amma rabonta da ƙasar Afirka tun ranar 14 ga Maris 1993, da Alain Prost ya yi nasara a Kyalami. Lewis Hamilton, mai kambun duniya bakwai, ya sha cewa bai kamata a riƙa ƙara tsere a wasu wurare ana tsallake Afirka ba.

Ƙorafin yana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a cikin ɗokin: idan motocin suka zo, suka yi kwana uku suka tafi, wa ke biya, kuma me ke saura? Tarihin gasa biyu ya riga ya ba da amsa. Ɗaya gasa ce ta motoci masu kujera ɗaya da ta yi kaka huɗu ta mutu. Ɗayar kuwa ba sai an ba dattawan Damagaram labarinta ba, domin ta ƙofar gidansu ta wuce.

Kofin duniya na motoci

Mota mai kujera ɗaya ita ce irin wadda ake gani a Formula 1: direba shi kaɗai a tsakiya kamar wanda ya kwanta a kwalekwale, tayoyi huɗu a fili, ba ƙofa, ba fitila, kuma ba ta iya hawa titin gari mai ramuka. A Formula 1 kowane kamfani ne ke ƙera tasa, shi ya sa wanda ya fi kuɗi da injiniyoyi yakan fi cin nasara, kuma magoya baya suna bin sunan kamfani ne, Ferrari ko McLaren ko Mercedes.

A 2004 wani ɗan gidan sarautar Dubai, Sheikh Maktoum Hasher Al Maktoum, ya fito da wata dabara daban. Ya ce a yi tseren ƙasa da ƙasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Kowace mota a shafe ta da launin tutar ƙasarta, direba ya kasance ɗan ƙasar, maki kuma a rubuta wa ƙasa. Don kada mai kuɗi ya danne talaka, duk motocin iri ɗaya ne: kamfanin Lola na Ingila ya ƙera jikin, kamfanin Zytek ya ba da inji mai ƙarfin doki 520, da wani maɓalli da direba zai danna ya sami ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci idan zai wuce abokin karawa. Aka tsara a riƙa yin yawancin tseren a watannin da Formula 1 ke hutu. Aka sa mata suna A1 Grand Prix, a taƙaice A1GP, aka yi mata kirari da kofin duniya na tseren motoci.

An yi tseren farko ranar 25 ga Satumban 2005 a Brands Hatch da ke Ingila, da ƙasashe 25. Nelson Piquet ƙarami ya ci wa Barazil duka zagaye biyun na wannan rana. Abin da ya ja hankali shi ne tutocin da ba a saba gani a wannan fage ba: Pakistan, Labanan, Indonesiya, Indiya, Sin, Maleshiya.

Daga Afirka ƙasa ɗaya ce ta shiga, Afirka ta Kudu. Tokyo Sexwale, wanda ya yi zaman kurkuku a tsibirin Robben kafin ya zama shugaban lardin Gauteng, daga baya kuma babban ɗan kasuwa, shi ya riƙe lasisin tawagar. Aka sa wa motar suna Vulindlela, kalmar Zulu mai nufin a buɗe hanya. A watan Janairun 2006 aka rufe titunan bakin teku na birnin Durban aka yi tsere, jama'a suka cika wurin, kuma Jos Verstappen na Holan, mahaifin Max Verstappen da ke tashe yanzu, ya ci babban zagayen. Shekara uku a jere ana yi a Durban, sannan a watan Fabrairun 2009 aka koma Kyalami. Tun bayan 1993 babu wata gasar duniya ta motoci masu kujera ɗaya da ta zo Afirka kudu da Sahara a kai a kai kamarta. Formula E, ta motocin lantarki, ta je Cape Town a Fabrairun 2023, sau ɗaya tak, ba ta koma ba.

Yanzu a dubi jerin waɗanda suka ɗauki kofin. Kakar farko Faransa ce, da Alexandre Prémat da Nicolas Lapierre. Ta biyu Jamus, da wani matashi mai suna Nico Hülkenberg wanda ya ci tsere tara. Ta uku Suwizalan, da Neel Jani. Ta huɗu Ailan, da Adam Carroll. Duka huɗun daga Turai. An daidaita motoci, amma sakamakon bai daidaita ba, domin ba a ranar tsere ake yin direba ba. Yaron Turai yana fara tuƙa ƴar ƙaramar motar koyo da ake kira kart tun yana shekara bakwai ko takwas, yana hawa mataki-mataki har shekara goma kafin a ba shi irin wannan mota. Waɗanda suka taɓuka daga wajen Turai, kamar Narain Karthikeyan na Indiya da Alex Yoong na Maleshiya da suka ci wasu tsere, su ma can suka goge, kuma dukansu sun riga sun taɓa shiga Formula 1. Adrian Zaugg, wanda ya ci wa Afirka ta Kudu tsere, a Turai ya yi horonsa. Labanan kuwa, da ta rasa direban da zai iya, sai ta nemo Graham Rahal, Ba'amurken da kakanninsa suka fito daga can, ta ɗora shi a motarta. Tuta ta ƙasa ce, amma hannun da ke kan sitiyari na aro ne.

Wannan bai isa ya kashe gasar ba. Kuɗi ne suka kashe ta. An gina lissafin a kan cewa attajiran kowace ƙasa za su sayi lasisi su nemo masu talla, gidajen talabijin kuma su biya kuɗin nuna wasan. Ba haka aka yi ba. Tawagogi da yawa ba su iya ɗaukar nauyin kansu ba, sai uwar kamfanin ta riƙa cike giɓi, ga kuma kuɗin jigilar motoci da kayan aiki ta jirgin sama daga nahiya zuwa nahiya. Rahotanni sun ce asarar kakar farko kaɗai ta haura dala miliyan 200. Duk direban da ya yi suna kuma sai ya bar gasar ya nufi Formula 1, kamar yadda Piquet da Hülkenberg suka yi, ƴan kallo su wayi gari da sabuwar fuskar da ba su sani ba.

An kuma yi kurakuran gaggawa. A Beijin, cikin Nuwamban 2006, an shirya tsere a kan titin gari, sai aka tarar akwai wata kwana da motocin ba za su iya karyawa ba saboda matsinta, dole aka sake fasalin hanyar, ga murafan magudanar ruwa suna tashi idan mota ta bi ta kansu. A cikin 2006 ɗin Sheikh Maktoum ya sayar da hannun jarinsa ya janye, ragamar ta koma hannun Tony Teixeira, ɗan kasuwar ma'adinai da mai daga Afirka ta Kudu. Shi kuma ya ga cewa maganin matsalar shi ne babban suna, sai ya ƙulla yarjejeniya da Ferrari aka ƙera sabuwar mota bisa samfurin wadda Michael Schumacher ya ci kambun 2004 da ita. Motar ta yi kyau, ta kuma yi tsada, sannan ta iso daidai lokacin da bankunan duniya suka durƙushe a ƙarshen 2008. An soke tseren buɗe kaka na Mugello a Italiya saboda ba a gama haɗa motocin ba, kuma da aka fara a Zandvoort na Holan, wasu ƙasashen ba su sami mota ba.

Tseren ƙarshe an yi shi a watan Mayun 2009 a Brands Hatch, inda aka soma. Ba wanda ya sanar da cewa na ƙarshe ne. Kamfanin da ke gudanar da gasar a Ingila ya faɗa hannun masu raba kadara saboda bashi, kamfanin jigila kuma ya riƙe motocin har sai an biya shi. Duk da haka shugabannin gasar suka ci gaba da tabbatar wa gwamnatin jihar Queensland ta Ostireliya cewa za su zo buɗe sabuwar kaka a Gold Coast cikin Oktoba. An yi talla, an sayar da tikiti, an shirya tituna. Saura ƴan kwanaki aka ce ba za su zo ba. Motocin gida na Ostireliya ne suka ƙara zagaye don rufe kunyar. Tsoffin motocin Lola sun ci gaba da aiki a wata ƙaramar gasa ta Turai mai suna Auto GP. Na Ferrari kuwa, wani kamfanin Afirka ta Kudu mai suna Afrix ya sanar a 2015 cewa ya saye su don ya kafa gasa a kudancin nahiyar, gasar da ba ta kankama ba.

Daren da ayarin ya sauka a Damagaram

Paris-Dakar wani irin tsere ne daban. Babura da motocin jeji da manyan motoci ne ke ratsa hamada na tsawon mako uku, ba zagaye a fili ɗaya ba. Amma ta fuskar mallaka da kuɗi, ita da A1GP da Formula 1 ƴan gida ɗaya ne: mai gasar yana wata ƙasa, mai masauki kuma nasa shi ne ya ba da ƙasa da tsaro.

A hamadarmu aka haifi tunanin. Thierry Sabine, matashin Bafaranshe, ya ɓata a kan babur a yankin Tenere, wajen iyakar Nijar da Libiya, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice na 1977. Da aka ceto shi sai ya ƙudura shirya nasa. Ayarin farko ya bar Paris ranar 26 ga Disamban 1978, ya ratsa Aljeriya, ya biyo ta Agadas da Yamai, ya wuce Mali har Dakar. A 1983 aka fara tsallaka Tenere kanta, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere kusan arba'in na wasu kwanaki, kuma wannan ne ya ƙara wa gasar suna a gidajen talabijin na Turai. Hoton tuddan rairayin Nijar ya zama jarin gasar.

A watan Janairun 1986 hanyar ta biyo ta nan. Daga Agadas suka tafi Dirku, suka gangaro ta Agadem zuwa Damagaram, sannan suka kama kwalta zuwa Yamai. Zamanin Seyni Kountché ne, ƙasa ba ta daɗe da fita daga farin 1984 da yunwar da talakawa suka sa wa suna El Buhari ba. A cikin wannan hali ne motoci irin Porsche 959, wadda René Metge ya ci gasar shekarar da ita, suka shigo garin da mata ke kwana a layin famfo. Ƴan kwanaki bayan haka, ranar 14 ga Janairu, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, ya kashe Sabine da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo ayarin don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawar Sabine a gindin wata bishiya a tsakiyar Tenere, wadda har yau ake kira da sunansa.

Ba daidai ba ne a ce Nijar ba ta ci komai ba. Agadas ta ci. Direbobi da jagororin hamada da makanikai da maƙeran azurfa da masu masauki sun sami kasuwa, kuma masu yawon buɗe ido da suka ga Ayar da Tenere a talabijin sun riƙa zuwa har bayan ayarin ya wuce. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, ya gina kamfaninsa na yawon buɗe ido a wannan zamani, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu gasar. Amma garin da ayarin ke kwana ɗaya kawai, irin Damagaram, rabonsa kaɗan ne. Ayarin yakan zo da abincinsa da likitocinsa da makanikansa da jiragensa, yakan yada zango a filin jirgi, ya tashi da asuba. An kuma biya wani farashin da ba a cika rubutawa ba: motocin gasar sun kashe mutanen ƙauye a kan hanya a shekaru daban-daban, ciki har da yara maza biyu a Gini da Senegal a 2006.

A 1997 an yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. Sai kuma shekara ta 2000, da aka shirya tafiya daga Dakar zuwa Alƙahira. Tsarin shi ne ayarin ya tashi daga Yamai ya kwana a Damagaram, daga nan Agadas, sai Dirku, ya shiga Libiya. Shugaba Mamadou Tandja bai cika wata guda da rantsuwa ba, domin ranar 22 ga Disamban 1999 ya karɓi mulki daga sojoji, kuma ƙasar na buƙatar ta nuna wa duniya cewa ta zauna lafiya. Ayarin ya iso Yamai, sai masu gasar suka ce hukumomin Faransa sun gargaɗe su cewa wasu ƴan bindiga daga Aljeriya na shirin kai musu hari a arewacin Nijar. Nan take suka soke duk matakan da suka rage a ƙasar. Aka ɗauko manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 124, suka yi ta sawu suna kwashe babura da motoci daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Jean-Louis Schlesser ya ci gasar a gindin dalar Giza. Damagaram da Agadas da Dirku, da suka shirya tarbar baƙi, ko ƙurarsu ba su gani ba, kuma gasar ba ta sake ratsa hamadar Nijar ba.

Abin da ya sami Nijar a 2000 shi ya sami nahiyar duka bayan shekara takwas. An kashe Faransawa huɗu ƴan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya ranar 24 ga Disamban 2007, sai kamfanin ASO, mai gasar, wanda kuma shi ke da tseren keke na Tour de France, ya soke gasar 2008 ana gobe za a tashi daga Lisbon. Daga 2009 zuwa 2019 aka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar ya bi su, domin sunan ma mallakar kamfanin ne. Ba a zargin masu gasa don sun tsare rayukan mutanensu, kuma halin tsaron da yankin ke ciki yau, da sace Turawa biyu da aka yi a Agadas a 2025, bai ƙaryata tsoronsu ba. Abin lura shi ne a Paris aka yanke shawarar, cikin ƴan sa'o'i, kuma waɗanda suka gina sana'arsu a kan zuwan baƙin ba su da kujera a wurin.

Lissafin da ke jiran Abuja da Kigali

A Formula 1 mai masauki ne ke biyan mai gasa. Kamfanin Liberty Media na Amurka, wanda ya sayi gasar a 2017, shi ke karɓar kuɗin talabijin da na manyan masu talla, sannan ya karɓi kuɗin izini daga kowace ƙasa duk shekara. Ƙiyasin da jaridun harkar ke bayarwa shi ne ƙasashe irin Saudiyya da Katar da Azarbaijan na biyan wajen dala miliyan 55 a shekara, sama da miliyar 30 na sefa, ban da gina fili da kula da shi. Abin da ke shiga aljihun mai masauki kai tsaye shi ne kuɗin tikiti, kuma da wuya su rufe ramin. Sauran ribar, wato suna da baƙi da masu zuba jari, hasashe ce da ke iya tabbata ko ta ƙi.

Ga Singafo da Abu Dabi ta tabbata, domin birane ne da dama can suke cike da otal da jirage. Wasu kuwa sun ƙone hannu. Koriya ta Kudu ta gina fili a Yeongam, aka yi tsere daga 2010 zuwa 2013 aka daina. Indiya ta gina na Buddh kusa da Delhi, shekara uku kacal, 2011 zuwa 2013. Birnin Valencia na Sipaniya ya bar bashi da titunan tsere da ciyawa ta cinye bayan 2012. Biyetnam ta gama gina nata a Hanoi don 2020, annobar korona ta zo, har yau ba a yi tseren Formula 1 ko ɗaya a kansa ba. Maleshiya, mai kamfanin mai na Petronas, ta riƙe daga 1999 zuwa 2017, sannan gwamnati ta ce kuɗin sun fi amfanin. Siyasa ma tana shiga: a Fabrairun 2025 ministar harkokin wajen Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta rubuta wa shugabannin Formula 1 tana neman su daina tattaunawa da Ruwanda saboda yaƙin gabashin ƙasarta.

Ko da an ci wannan jarrabawa, matsalar da A1GP ta tona tana nan. Ɗan Afirka ɗaya ne ya taɓa zama zakaran duniya, Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979, kuma tun da ya yi ritaya a 1980 ba a sake ganin tutar wata ƙasar Afirka a layin tashi na tseren kambun duniya na Formula 1 ba. Jinin Afirka yana nan, amma da tutar wasu. Isack Hadjar, wanda ya shiga Formula 1 a 2025, iyayensa ƴan asalin Aljeriya ne, da tutar Faransa yake tsere. Ugo Ugochukwu, wanda ya ci babban tseren Makau a Nuwamban 2024, mahaifiyarsa ƴar Najeriya ce, da tutar Amurka yake tsere. Hawa matakan nan daga kart zuwa ƙofar Formula 1 yana cin miliyoyin yuro, kuma yawancin matakan a Turai suke.

Faransa ta san haka tun tuni. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanin mai na gwamnati, Elf, ya zuba kuɗi a makarantun tuƙi da ƙananan gasa irin Formule Renault, yana zaɓar yara masu hazaƙa yana biya musu. Ta wannan hanya Alain Prost ya fito, da Didier Pironi da Patrick Tambay. Kaso mai tsoka na man Elf kuwa daga Gabon da Kwango yake fitowa. Wato man Afirka ya taɓa gina zakarun tsere, sai dai a wata nahiyar. Mutumin Damagaram zai iya ƙara nasa lura a nan: Agadem, inda motocin 1986 suka yada zango a cikin rairayi, ita ce yau rijiyar man ƙasar, kuma bututu mai tsawon kilomita 462 ke kawo ɗanyen zuwa matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a arewacin garin.

Nijar ba ta cikin masu zawarcin Formula 1, kuma babu mai hankalin da zai ba ta shawarar ta shiga. Amma irin wannan lissafi yana tasowa duk lokacin da aka ce za a kashe kuɗin jama'a don biki na ƴan kwanaki. Mutanen garin nan sun ga Zinder Sabuwa a Disamban 2018, kuma kowa na iya zagayawa ya ƙirga da idonsa wane gini ne ke aiki har yanzu, wane ne aka kulle. Suna kuma da abin kwatance a gida. Kokowar gargajiya tana da matakanta, daga dandalin ƙauye bayan girbi zuwa zaɓen jiha, har gasar Takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda ke zagaya jihohi. Juyin mulki da fari da karyewar farashin yuraniyom duk sun zo sun tarar da ita, an ɗage ta a wasu shekaru, amma ba wanda ya iya ɗauke ta a jirgi ya kai wata ƙasa, domin ƴan kokowa da makaɗa da ƴan kallo duk na nan ne. Haka sukuwar dawaki a ƙasar Damagaram.

A fagen inji kuwa babu ko matakin farko. Samarin da ke wasa da babur ko mota a ranar ɗaurin aure, a Damagaram ko Maraɗi ko Kano, suna ɗaga taya a tsakiyar jama'a, suna da ƙarfin hali da saurin hannu, kuma sau da yawa a asibiti ko maƙabarta wasan ke ƙarewa. Fili mai shinge a bayan gari, da hular kwano, da alƙali, da ƙungiyar da za ta riƙa shirya gasar babura tsakanin garuruwa, ba za su ci ko kashi ɗaya cikin dubu na kuɗin da ake ambata a Abuja ba. Makanikan garejin da ke tayar da mataccen inji da kayan gwanjo su ne injiniyoyin da irin wannan gasa za ta fara da su. A tsarin Abuja an ambaci filin kart da cibiyar fasaha, kuma a ganina wannan sashe ne ya fi cancanta a sa wa ido, domin shi ne aka fi saurin yankewa idan kuɗi suka gaza.

A jadawalin Formula 1 na 2026 an shigar da Madrid, an cire Imola ta Italiya, babu birnin Afirka ko ɗaya. Shugaban gasar, Stefano Domenicali, ya sha nuna cewa tsere 24 ya isa, don haka duk sabon mai masauki sai ya ture wani, kuma wannan ke ƙara tsadar kujerar. A watan Yunin 2025 majalisar ministocin Tailan ta amince da kasafin wajen dala miliyan 1,200 don neman tsere a titunan Bankok na shekara biyar, daga 2028. Wannan ne farashin da Abuja da Kigali da Johannesburg za su tarar a kasuwa.